Hoton Ƙirji Mai Lamba Huɗu

Litinin, 2 ga Satumba, da hantsi

Yau mun tura. Takardun da muka daɗe muna haɗawa sun tafi ofishin jakadancin Turawan da muke kira mutanen ƙanƙara a Yawunde, ni kuma Hortense na rantse ba zan ƙara kallon injin kwafi ba sai baɗi. Abin da muke nema ɗaya ne: su sa asibitinmu cikin waɗanda aka yarda su yi wa masu neman biza gwajin lafiya, don ɗan Bafusam ya daina hawa motar Yawunde saboda kawai a ɗauki hoton ƙirjinsa a auna jininsa.

Ba abin da ba su tambaya ba. Takardar makarantata, ta maigidana, shekarun injin hoto, wa ke riƙe makullin firjin allurai, har da ko bayan gida na da ƙofa. Na ƙarshe shi ne hotunan ƙirji goma, ba suna sai lamba, kowanne da bayanin mai karantawa, don su ga ko idonsa na gani. Mai karantawar kuwa maigidana ne, Dakta Barnabé Tchuenkam, wanda tun da muka haifi tagwaye ba a ƙara kiran sunansa ba. Shi Tanyi, uban tagwaye, ni Manyi, har a banki.

Ruwa ya hana mutane fitowa makon jiya, mutum shida kawai suka zo hoto. Tanyi ya ce to, mu ba mu da ƙirji ne? Ya jera mu, ni da maigadi da Mama Odile mai ɗaukar hoton, da shi kansa, aka cuɗa namu cikin na marasa lafiya. Mama Odile ta ce shekara da shekaru tana sa mutane su riƙe numfashi su rungumi ƙarfe mai sanyi, sai ran nan ta san muguntar da take yi. Muka yi ta dariya. Ya shige ofis ya karanta su shi kaɗai, ya sa hannu.

Za su ba mu. Ban ga ta inda za su hana ba.

Alhamis, 5 ga Satumba, da yamma

Ba amsa. Tanyi na tari. Damina ce.

Lahadi, 8 ga Satumba, bayan coci

Mun je ƙauye. Taɓo har gwiwa, motar ta dawo ja kamar an tsoma ta a manja. Gwaggonsa ta daka mana gwaza da miya rawaya, irin wadda yakan suɗe kwano har ya ba ni kunya. Yau loma kaɗan ya yi ya wanke hannu. Na ce ko ya samo wata mai girki ne a gari, ya faɗa mini in kai mata gaisuwa. Ya ce ai ko ya samo ba za ta kai ni surutu ba.

Kafin mu taso ya je can bayan gidan, wajen kabarin Firmin, ya daɗe. Firmin ƙaninsa ne, makanike, wanda ya samu aiki a ƙasar waje, komai ya kammala saura gwajin lafiya. Ya hau motar safe zuwa Yawunde da rigar da na goge masa da hannuna, motar ba ta isa ba. Tun daga ranar Tanyi ke cewa sai an yi gwajin nan a garin nan ko da shi ne aikinsa na ƙarshe. Filinmu na bakin kasuwa muka sayar muka sayi sabon injin, ban kuma yi nadama ba.

A hanyar dawowa ni na tuƙa. Ya ce kafaɗarsa ce ke damunsa.

Laraba, 11 ga Satumba, da rana

Likitar ofishin jakadancin ta kira ta bidiyo, Dakta Halloran, wata doguwa mai tabarau a kan hanci wadda ba ta san a fara da gaisuwa ba. Ta ce gini ya yi, injin ya yi, takarduna sun yi. Hotuna tara an karanta su daidai, har ta yaba, ta ce a na bakwai ya ga abin da su sai da suka duba sau biyu. Na fara murmushi, sai ta ce amma.

Hoto na huɗu akwai inuwa a saman huhun dama wadda ɗalibin shekarar ƙarshe ma zai gani, mai karanta mana kuma ya rubuta lafiya ƙalau. Ta ce kuskure na faruwa, amma ba za su yarda da idon da ya tsallake wannan ba. Ko ya yi bayani, ko mu kawo wani mai karantawa kafin su zo duba wuri a Nuwamba. Sannan ta ce kome za mu yi, mu nemo mai lamba huɗu yau, ba gobe ba.

Na samu Tanyi a ofis na faɗa masa. Ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce wani direban babbar mota ne mai wucewa Bamenda, bai bar lambar waya ba. Na ce mutumin da ya hango abin da Turawa suka duba sau biyu, shi ne zai tsallake inuwa? Ya ce tsufa, Manyi.

Tsufa! Mutumin da shekaranjiya ya hango tsutsa cikin wake daga bakin ƙofar kicin.

Alhamis, 12 ga Satumba, da azahar

Na buɗe hoto na huɗu. Na rufe. Na duba marasa lafiya har azahar, ban san me na rubuta musu ba.

Alhamis ɗin dai, da la'asar

Inuwar tana nan, girman goro. Ba ita na fara gani ba.

Shekarar da Tanyi yake nemana yana da wani tsohon babur mai hayaƙi, ya ɗauko mini kan ayaba guda a baya zai burge mahaifiyata, ya zame a gangaren gidanmu ya faɗa lambatu. Ƙashin nan na tsakanin wuya da kafaɗa ya karye, na hagu. Ni ce ɗalibar likita a unguwar, ni na ɗaure, na kuma ɗaure shi a karkace, har yau yana yi mini gori. Shekara talatin ina ɗora kaina a kan wannan ƙullin.

Direban Bamenda yana da ƙullin nan a daidai wurin, da karkatarsa.

Juma'a, 13 ga Satumba, da hantsi

Na ja Mama Odile ɗakin hoto na rufe ƙofa. Ban ma buɗe baki ba ta fashe da kuka. Ashe tun a ranar ta gani a allon kwamfuta, shi ma ya zagayo ya gani, yana maɓalla riga. Ya ce mata in ta faɗa mini sai ya kore ta. Ta ce masa kore ni mana, ka ga wanda zai iya da injin nan da halinka. Amma ta yi shiru, don ya roƙe ta da sunan Firmin.

Na so in yi mata faɗa, ban iya ba. Na ce ta wanke fuska, akwai mai ciki a layi.

Asabar, 14 ga Satumba, da yamma

Na yi dabara. Na ce dokar mutanen ƙanƙara ce duk ma'aikaci ya ba da majina a gwada tarin fuka, har maigadi sai da ya yi ta kakari a bayan gini don kada a ce mutum ɗaya nake nufi. Tanyi ya miƙo tasa yana kallona, na kalli bango.

Ba tarin fuka ba ne. Da shi ne da na yi rawa a tsakar asibitin nan, wata shida na magani a wuce wurin. Ban taɓa roƙon Allah ya ba mutum tarin fuka ba sai yau.

Litinin, 16 ga Satumba, da rana

Yau ya zo da wasan kwaikwayo. Ya sayo wani tabarau mai kaurin gindin kwalba, yana lalube a tebur, yana miƙo mini kwalin magani gaban ma'aikata wai in karanta masa. Sannan ya ce ya samo mafita. Akwai wani tsohon ɗalibinsa a Duwala da zai riƙa karanta mana hotuna ta kwamfuta. Shi zai rubuta wa Halloran cewa idonsa ya gaza, ya ajiye aiki, a sa sunan wancan, a ba ni izini. Har ya rubuta, saura in sa hannu a matsayin shugabar asibiti.

Ya fi son a ce ya makance. Mutumin da likitocin jihar nan ke aiko wa hoto a babur cikin ruwa don ya duba musu, ya yarda a binne sunansa da ransa, don dai kada a nemi mai lamba huɗu. Raina ya ɓaci. Na ce birona ba ya rubutu, na fita.

Talata, 17 ga Satumba, da safe

Hankicinsa na wanke da kaina. Ban ba mai wanki ba, kada a ga jinin da ke jiki.

Alhamis, 19 ga Satumba, da la'asar

Ana cewa uwar tagwaye ba ta ɗaga murya, ita ake kira ta raba faɗa. Wanda ya kafa wannan al'ada bai san ni ba. Amma akwai abu ɗaya a cikinta da na yarda da shi: in Manyi ta karyo reshen itacen sulhu ta ajiye gaban mutum, ba ya tashi sai an gama magana, ko sarki ne. Na raba 'yan gado da shi, na raba maƙwabta a kan iyakar gona. Ban taɓa zaton zan kai shi ɗakin mijina ba.

Na karyo daga shingen bayan asibiti, na shiga, na ɗora a kan kwamfutarsa. Ya dubi ganyen, ya cire tabarau na ƙarya ya ajiye a gefe.

Na ce, "Tanyi, wa ya ɗaure wa direban Bamenda ƙashi a karkace?"

Ya yi dariya har tarin ya kama shi. Da ya lafa ya ce, "Wata ɗaliba ce mai rawar kai. Ban taɓa tunanin za ki buɗe ba, ke da ba kya son hoto."

Sai ya yi mini lissafinsa, a natse, kamar yana bayanin wani. Da ya gani a ranar, ya san in ya rubuta gaskiya za a ce a kawo mai hoton, ni kuma zan rufe asibiti in ja shi Yawunde, takardu su mutu. Shi ya sa ya rubuta lafiya ƙalau, yana fatan su duba a gurguje. Yanzu kuma in ya kwanta a babban asibiti, likitocin can duk sun san shi, rabinsu suna aiki da Halloran, kafin sati ta haɗa zancen. Kuskure suna yafewa, a canza mutum. Amma wanda ya gani ya rubuta ƙarya da saninsa, a aikin da gaba ɗayansa amana ce, ba shi kaɗai za su kora ba, asibitin za su soke. Don haka ba inda za shi sai izini ya fito. Nuwamba su zo, Janairu su sa hannu, sannan in yi da shi yadda na so.

Na ce ya gaya mini a matsayin likita, in wani ne ya kawo masa wannan hoton, zai ce ya jira Janairu? Ya ce wannan ba tambayar adalci ba ce. Na ce amsa nake so. Ya ɗauki reshen yana juyawa.

Asabar, 21 ga Satumba, da yamma

Na gwada lallashi. Na gwada kuka, wanda ba halina ba ne. Na ce mu tafi Duwala a ɓoye, ya ce can ma ɗalibansa ne. Na ce zan gaya wa yara, ya ce in na ɗaga wa 'yarmu Blandine hankali tana tsakiyar jarrabawa ba zai yafe ba. Na dafa koki, alalen ƙasarmu, da hannuna, ya ci rabi don in ji daɗi, na gani.

Ina jin tsoro. Ga shi na rubuta, ina jin tsoro.

Litinin, 23 ga Satumba, da safe

Ya tsaya hutawa a tsakiyar benen asibiti. Ya ce igiyar takalmi yake gyarawa. Takalmin ba shi da igiya.

Talata, 24 ga Satumba, da rana

Na gama tunani. Ba zan iya ɗaukarsa a ka ba, ba zan iya ɗaure shi ba. Abu ɗaya yake jira. In abin ya kau, ba shi da sauran abin jira.

Na shiga ɗakin hoto na tsaya ina kallon injin, filinmu guda a tsaye da waya a gindinsa. Na tuna Firmin da rigarsa. Na tuna matan da ke tare ni a kasuwa suna tambaya yaushe za a fara. Duk na san wannan, ba wanda zai tuna mini. Mama Odile ta leƙo ta ce lafiya, Manyi? Na ce ta nemo mini lokaci da Halloran gobe.

Laraba, 25 ga Satumba, da hantsi

Ta fito a allo da tabarau nata, ta ce mun samo mai lamba huɗu?

Na ce, "Mun samo. Shi ne ya karanta hoton. Mijina ne. Idonsa lafiya lau, ya gani sarai, ya rubuta abin da ba shi ba don kada takardunmu su tsaya."

Ta gyara zama. Sannan ta tambaya ko na san abin da maganar nan ke nufi ga asibitinmu. Na ce da ban sani ba ai da ban yi kwana biyu ina kai da kawowa ba. Ta ce dole ta rufe fayil ɗin. Nan gaba ina iya sake nema daga farko, amma ba da sa hannunsa ba, har abada. Na ce na ji. Na ce abu ɗaya nake so ta rubuta a inda take rubutawa: ba a ce Dakta Tchuenkam ya tsallake inuwa ba. A ce ya yi ƙarya, wannan gaskiya ne, amma kada a ce bai gani ba.

Ta ce za ta rubuta haka. Ta cire tabarau, ta ba ni sunan wani likitan huhu a Yawunde, ta ce in kira shi yau in ce ita ta turo ni. Ashe ta iya magana kamar mutane.

Laraba ɗin, da magariba

Na faɗa masa a tsaye, a falo. Bai yi faɗa ba, da ya yi da na fi jin sauƙi.

Ya ce, "Duk wanda hanyar nan ta ci daga yau, Hortense, ki tuna da shi."

Rabon da ya kira ni Hortense tun kafin a haifi yaran nan. Na ce, "Zan tuna. Laraba mai zuwa likita zai gan ka. Ka faɗi rigunan da za a goge."

Juma'a, 27 ga Satumba, da safe

Ba ya yi mini magana. Yana aiko Mama Odile da saƙo daga ofishin da ke jikin nawa.

Lahadi, 29 ga Satumba, bayan coci

Har yanzu shiru. Na kira yara na faɗa musu, ɗanmu Blaise zai tare mu a tashar Yawunde. Na samo wadda za ta riƙe asibiti. Takardun nan duka na zuba a kwali na rubuta a kai: za a sake. Zan sake ɗin kuwa, ko da sanda nake tafiya, ko za su tambaye ni launin ƙofar bayan gida. Amma ba yanzu ba.

Na tarar da jaka a kan gado. Ya sa riguna uku da littafinsa na addu'a. Tabarau na ƙarya yana cikin kwandon shara.

Talata, 1 ga Oktoba, da safe, cikin mota

Rubutun zai karkace, hanya ce. Motarmu ta ƙi tashi, dole muka hau ta haya, motar safe, wadda ya yi rantsuwa zai raba mutane da ita. Yana wajen taga da ambulan ɗin hotonsa a cinya, ni a gefe, ba mai ce wa wani komai.

Wata dattijuwa a kujerar gaba ta juyo ta gane mu. Ɗanta ne ya aiko daga ƙasar waje ta je ta yi renon jika, za ta gwajin biza, ta ƙulle kuɗin kwana biyu a bakin zane, ba ta san kowa a Yawunde ba. Ta ce, Dakta, ba an ce kun kusa fara yi a gida ba? Da kun hanzarta da ban sha wannan wahala da ƙafafun nan nawa ba. Na dubi Tanyi. Shi ne ya amsa, ya ce an samu tsaiko, Mama, laifinsa ne, amma matarsa za ta kawo shi, in ta sa abu gaba ko tudu kaucewa yake yi. Ya gaya mata ta cire sarƙa kafin hoto, kada ta ji tsoron injin, ya rubuta mata lambar Blaise ko za ta rasa masauki.

Mun wuce kwanar da motar Firmin ta tsaya. Ya yi alamar giciye, ni ma na yi. Can gaba rana ta fito ta ɓangarensa, sai ya zaro hoton daga ambulan ya manna a gilashin taga. Ya daɗe yana kallo, kai a karkace, yadda yake yi wa na kowa.

Ya ce, "Manyi, biron naki ya fara rubutu?"

Na ce ya fara.

"To rubuta. Namiji, shekara sittin da ɗaya. Tsohuwar karaya a ƙashin wuya na hagu, an ɗaure ta ba daidai ba, kada ki tsallake wannan. Zuciya daidai. Huhun hagu daidai. A saman huhun dama akwai ƙari, gefensa ba sumul ba. Ana zargin ciwon daji."

Na rubuta. Karon farko ke nan da kalmar ta shiga littafin nan.

"Shawara, a gaggauta. Ƙara da cewa majinyaci ya yarda."

Ya karɓi biron, ya jira mota ta wuce rami, ya sa hannu a nan ƙasa.

B. Tchuenkam